Tun Ran Gini, Ran Zane: Sharhi a Kan Hausar Maɓallan Intanet

Akwai wani irin rubutun Hausa da ba mu saba kawo shi gaban masu sharhi ba, alhali kuwa idon Bahaushen yau yana faɗawa kansa sau da yawa a yini fiye da yadda yake faɗawa kan littafi ko jarida. Ba a san sunayen marubutansa ba, ba a sa shi cikin jarrabawa, kuma mafi tsawonsa bai wuce layi biyu ba. Rubutun da nake nufi shi ne 'yan kalmomin nan da ke bisa maɓallai da akwatunan shafukan intanet, irin su "Shiga", "Aika", "Nema", "An sami kuskure". Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wannan rubutu da idon da muke duban waƙa ko wasan kwaikwayo, a ga inda ya gaza, sa'an nan a bi sawun gazawar har gidanta. Zan faɗi matsayina tun da fari don kada mai karatu ya wahala wajen nemansa: yawancin aibin da ake ɗora wa masu fassara ba nasu ba ne. Aibin yana jikin ginin da aka ba su aka ce su zuba Hausa a ciki.

Ya kamata a ɗan yi bayanin ginin. Shafin intanet ba a rubuta shi gaba ɗaya kamar wasiƙa. Harhaɗa shi ake yi da ƙananan sassa, kamar yadda magini ke jera bulo: ga maɓallin da ake dannawa, ga akwatin da ake rubuta suna, ga jerin da ke saukowa a zaɓi jiha ko ƙaramar hukuma, ga 'yar kalandar da ake nuna rana. Kowane sashe sau ɗaya ake ƙera shi, sa'an nan a yi ta amfani da shi a shafuka dubbai. Akwai ma rumbunan irin waɗannan sassa da kowa ke ɗiba kyauta, kamar Bootstrap, wanda ya fito daga kamfanin Twitter a 2011, da kuma waɗanda ake ginawa bisa React, wanda Facebook ya saki a 2013. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san idan abin bugawar ya karkace, kowane bulo a karkace zai fito, kome kyawun yashi da siminti.

Idan ana son sashe ya yi magana da harsuna da yawa, sai a cire kalmomin daga jikinsa a ajiye su a wani kundi dabam, kowace kalma da laƙabinta. Maɓallin ba ya riƙe da kalma, laƙabi kawai yake riƙe da shi. Sa'ad da aka buɗe shafi sai ya duba harshen da mai karatu ya zaɓa, ya ɗauko abin da aka rubuta gaban laƙabin nan a kundin wannan harshe. Alamar Hausa a wannan tsari ita ce "ha". Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1995 masu aikin GNU suka fito da irinta mai suna gettext, kuma ba za a raina ta ba. Ta hanyar irinta ne Microsoft ya samar da fuskar Hausa tun zamanin Windows 7, Facebook kuma ya soma magana da Hausa a 2016. Sai dai dabarar ta ginu ne bisa wani zato, watau cewa harshe kamar fenti yake, a gama ɗaki tukuna sa'an nan kowa ya shafa launin da yake so. Wannan zato shi ne nake jayayya da shi.

Haruffa

Mu fara da abin da ya fi sauƙin gani. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun sami zama a rubutun boko ne a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin aikin talifi a Zariya. Kafin nan wasu na sa ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu na maƙala masa alama a gefe. Tun daga lokacin suke fama da na'ura. Mu da muka riski ƙarshen zamanin tafireta mun san wahalar: a buga maka kundin digiri, ka zauna da biro kana bin sa shafi shafi kana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa. Kwamfuta ma da ta zo, tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kaɗai ya tanada, haruffan Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi suka cinye su. Amma tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffanmu lambarsa ta kansa, babba da ƙarami. A takarda ke nan, an kashe wannan magana fiye da shekara talatin da suka wuce.

A allo fa? Har yanzu ƙugiya na faɗuwa ta hanya uku. Wani lokaci zubin haruffan da mai ƙera sashe ya zaɓa don ƙawa ba shi da ƙ ko kaɗan, sai ɗan akwati fanko ya bayyana a gurbinta. Wani lokaci burauza ta yi dabara ta aro harafin daga wani zubi dabam, sai ka ga kalma ɗaya da harafi guda siriri cikin masu kauri, kamar facin atamfa a jikin shadda. Na uku ya fi muni, shi ne inda aka ajiye rubutu da tsarin UTF-8 aka karanto shi da tsohon tsarin Yammacin Turai, sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki". Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya gamu da waɗannan aljanu. Ba a rasa magani ba. Kamfanin Google ya ɗauki nauyin zubin haruffa mai suna Noto musamman don kawar da akwatin fanko daga harsunan duniya, kuma kyauta ne. Rashin tambaya ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da wannan ya koya wa mutane. Mai fassara da ya ga an ɓata masa aiki sau ɗaya sai ya daina sa ƙugiya gaba ɗaya, don a zauna lafiya. Wayar hannu ma ta taimaka: gajeren saƙo na ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, watau ƙugiya kuɗi take ci. A cikin doguwar jimla mai karatu na iya gane "kasa" daga "ƙasa" ta wurin maƙwabtanta. Maɓalli kuwa ba shi da maƙwabta. Kalma ɗaya ce tsaye ita kaɗai, kuma a kanta za a yanke shawara. Idan aka so a ce "Ƙare" aka rubuta "Kare", ko aka so a ce "Ƙi" aka rubuta "Ki", ko "Ƙara" ta zama "Kara", babu abin da zai ceci mai karatu sai sabo.

Alhamza tata matsalar dabam ce, kuma ita ce ta fi taɓa mutane a rayuwarsu. Wata ɗalibata mai suna irin na su Asma'u da Sa'adatu ta shafe kwanaki tana ƙoƙarin yin rajista a shafin wata hukuma, akwatin suna yana ta ce mata ta shigar da suna na gaskiya. Dalili shi ne masu fashin kwamfuta kan yi amfani da wannan alama su kutsa cikin taskar bayanai, to maimakon mai gini ya toshe kafar yadda ya kamata, sai ya haramta alamar ɗungum. Daga ƙarshe ta cire alhamzar, aka karɓa, yanzu takardunta biyu sun saɓa da juna, kuma ita za a tura kotu ta yi rantsuwa cewa ita ce ita. A wani shafin kuma ana karɓar sunan, amma ya fito a takarda kamar "Asma&#39;u". Mutanen Ailan masu suna irin O'Brien sun daɗe suna wannan kuka. Ƙari a kan haka, akwai alamomi uku masu kama da juna a Unicode da ake rubuta alhamza da su, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da kuma wadda aka keɓe don ta zama harafi. Ido ba ya damuwa da bambancinsu, amma akwatin nema yana damuwa, har ka nemi "sana'a" a shafin da ke cike da ita ya ce maka babu.

Sai jeri. Idan ba a gaya wa na'ura kome ba, da lambobi take jera kalmomi. Lambar babban Z ita ce 90, ta Ɗ 394, ta Ƙ 408. Saboda haka a jerin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, idan an rubuta su daidai, Ɗandume da Ɗanja da Ƙanƙara sai su faɗo ƙasan Zango, inda ba mai zuwa nemansu. A ƙananan haruffa abin ya fi ban dariya, domin ƙ na da 409, ɓ kuwa 595, ɗ 599, watau "ƙasa" za ta riga "ɓera". Alhali ƙa'idar jerin Hausa tana nan a rubuce cikin taskar bayanan harsuna da ake kira CLDR, wadda ƙungiyar Unicode ke kula da ita tun 2004: ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k, sh na bin s, ts na bin t. Wanda ya rubuta sunan garinsu daidai shi ake hukuntawa, wanda ya yar da ƙugiya kuwa ya sami garinsu a inda ya dace.

Nahawun da ke ɓoye cikin gini

Duk abin da aka ambata a sama gyaransa na hannun mai fasaha, kuma ba shi da wuya. Inda maganar ke da nauyi shi ne nahawu, domin a nan ne ake gane cewa sashen da aka ce ba shi da harshe, ashe da Ingilishi aka yaye shi.

A ɗauki adadi. A Ingilishi lamba ke gaba, suna na biye da ita. Mai gini sai ya umurci sashe ya sa lamba, ya bar fili, ya sa kalma, sa'an nan ya miƙa wa mai fassara kalmar ita kaɗai. Sakamakon shi ne abin da muke gani, "3 saƙonni", "5 mintuna". Kome gwanintar mai fassara ba zai iya juya wannan ba, domin ba a ba shi jimlar ba, guntunta aka ba shi. Ko inda aka ba shi jimlar ma akwai wani tarko. Taskar CLDR ta tanadar wa kowane harshe gurabe gwargwadon yadda suna ke sauyawa da adadi. Larabci na da shida, saboda tasniya da sauran rabe-rabensa, Hausa kuwa biyu aka ba ta, kamar Ingilishi. Mai fassara ya ga gurbi na biyu sai ya ji wajibi ne ya cika shi da jam'i. Amma Bahaushe "kwana uku" yake cewa, da "naira goma", da "shekara arba'in", da "mutum biyar". Ba wanda ya taɓa shiga kasuwa ya ce a ba shi tumatir na nairori ɗari. Babu dokar da ta hana a sa tilo a guraben biyu, sai dai sigar kundin na raɗa wa mai fassara cewa ya yi kuskure idan ya yi haka.

Jinsi ya fi wannan zurfi. Jimlar Ingilishi da ke shaida maka cewa wani ya aiko da saƙo guda ɗaya ce, ko wane ne ya aiko, ko wa aka aiko wa. A Hausa huɗu ce tun kafin a zo ga jam'i: ya aiko maka, ya aiko miki, ta aiko maka, ta aiko miki. Idan gurbi ɗaya aka ba mai fassara, ko dai ya rubuta "ya/ta aiko maka/miki", wanda ba magana ba ce, fom ne na asibiti, ko kuwa ya zaɓi namiji ya rufe ido, sai mu karanta "Binta ya aiko maka da saƙo" a wayar Hadiza. Haka kuma mallaka. Ana cewa "hoton Audu" amma "wasiƙar Audu", "hoto na biyu" amma "wasiƙa ta biyu". Sashen da ke liƙa sunan abu da sunan mai shi da ƙaramar kalma guda ɗaya ba zai taɓa dacewa ba sai da sa'a.

Aikatau ma ba ya tsayawa da siga ɗaya. Muna cewa "na nema", "na nemi aboki", "na neme shi". Muna cewa "shigar", amma in karɓau ya biyo sai "shigar da lamba". Mai gini mai tsimi, da ya ga kalma ɗaya ta Ingilishi ta bayyana a wuri goma, sai ya ba ta laƙabi ɗaya don kada a biya kuɗin fassara sau goma. Daga nan ake samun "Nema aboki" da "Shigar lamba". Ɗalibi ya rubuta mini haka a jarrabawa zan ja masa jan layi, ga shi kuwa yana karanta shi kullum a aljihunsa.

Ba wai babu kayan aikin da za su ɗauki wannan ba ne. Tsarin rubuta saƙonni na ICU yana ba da damar jimla ta yi rassa bisa ga jinsi da adadi. Mozilla, masu burauzar Firefox, sun fito da wani mai suna Fluent a 2019, wanda tushensa shi ne a bar kowane harshe ya yi rassan da nahawunsa ke bukata ko da harshen asali ba ya bukatarsu. A ganina wannan shi ne tunani mafi adalci da aka yi a fagen. Amma reshe ba ya tsira sai mai gini ya yarda ya miƙo bayanin, watau ya gaya wa jimla cewa mai aikowa mace ce. Wannan kuwa shawara ce da ake yankewa ranar da ake zana sashe, shekaru kafin a tuna da wani harshe wai shi Hausa. Tun ran gini, ran zane.

Inda aka riga aka yi gini, gwanin mai fassara shi ne wanda ya nemi ƙofar da Hausa ta tanada da kanta. Na ga inda aka rubuta "Saƙo daga Binta", aka huta da ya da ta. Wannan ba gudu ba ne, sanin harshe ne, kuma ya cancanci yabo.

A nan ne nake so in ɗan daɗe, domin akwai tambayar da ban ga an yi ta ba: wane ne ke magana a allo? Murya biyu ce, ko da yake Ingilishi ya haɗe su a siga ɗaya har ba a lura. A kan maɓalli, mutum ne ke umurtar na'ura. Idan na danna "Aika", ni ne nake cewa aika. A nan sigar umurni tsurarta ta dace ƙwarai, ga ta gajeriya, ga ta ba ta bambanta mace da namiji, kuma ba a yi wa na'ura kara. Amma a cikin sanarwa da tambaya, na'ura ce ke magana da mutum, kuma nan ne ake ɓarna. "Ka tabbata kana son ka goge?" Wannan jimla ta yi laifi biyu. Ta mai da kowace mace namiji, sa'an nan ta tsaya gaban dattijo ɗan shekara saba'in tana ce masa "ka" kamar sa'arsa. Wasu sun gudu zuwa "ku", kuma ya fi, domin jam'in girmamawa ne da ya game kowa, sai dai idan ya yi yawa yakan sa shafi ya yi kama da jawabin taron siyasa.

Ni dai ina ganin amsar na rubuce a bangon kowace makaranta da asibiti da tasha tun kafin a haifi intanet: "A kula", "A yi layi", "Ba a shiga". Lamirin nan na "a" da "an" shi ne muryar sanarwa a Hausa. Ba ya nuna jinsi, ba ya nuna shekaru, ba ya raini, ba ya fadanci. "A goge?" kalma biyu ce, ta ɗauke duk abin da waccan doguwar jimla ta ɗauka. "A shigar da lambar waya." "An aika." "Ba a sami shafin ba." Abin mamaki ne a ce harshe na da irin wannan kayan aiki, wanda Ingilishi kansa ba shi da kamarsa, amma a bar shi a bi Ingilishi ana laluben wanda za a ce wa "kai".

Kalmar da aka raba da mahallinta ma takan yi ta'adi. Mai fassara jerin kalmomi yake gani, ba ya ganin allo. Kalmar Ingilishi da ke nufin "buɗe" ita ce kuma ke nufin "a buɗe yake", to wanne zai sa? Don janye abin da aka fara, wani ya sa "Soke", wani ya sa "Fasa", kuma tun da boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, "Fasa" na iya zama ta fasa tafiya ko ta fasa tulu. Waɗannan duk da sauƙi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shafin da aka fassara rabi aka bar rabi, domin ƙa'idar sassan ita ce duk laƙabin da ba a samu a kundin Hausa ba a ɗauko na Ingilishi. Kalmar Ingilishi ta tura wa wasu abu ana rubuta ta "Share". Bahaushen da ya ga "Aika" a dama da "Share" a hagu, me zai karanta in ban da share, watau goge? Ga maɓalli ɗaya da ma'ana biyu masu gaba da juna: mai son ya kawar da hoto sai ya yaɗa shi. Ba mai fassarar da ya yi kuskure a nan. Ginin ne ya ɗauka cewa Ingilishi mafaka ce da ba ta cutar da kowa.

Game da faɗi ba sai an ja magana ba. An auna maɓalli da gajerun kalmomin Ingilishi, abin da ya yi saura a datse shi a sa ɗigo uku, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Sai dai a lura korewa a Hausa sau da yawa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. "Ba a shiga ba" labari ne, in aka datse wutsiyarsa ya koma "Ba a shiga", ya zama hani. 'Yar kalanda ma da ke taƙaita ranaku da harafi ɗaya ɗaya, in ta zo Hausa sai ta ba mu L, L, T, L, A, J, A, Lahadi da Litinin da Laraba duk fuska ɗaya.

Ajami

Duk wannan boko ne. Idan aka zo ga ajami sai a tarar ba a ma buɗe ƙofar ba. Harshen gina shafuka, HTML, ya daɗe da tanadar alamar da ke cewa rubutu daga dama yake farawa, kuma sashen da aka ƙera da hankali yakan juya gaba ɗaya kamar a madubi, kibiyar "gaba" ta dubi hagu, akwatin zaɓi ya koma dama. Amma yawancin sassa da "hagu" da "dama" aka kafe su, maimakon "farko" da "ƙarshe". Bootstrap da na ambata sai a 2021, shekara goma bayan fitowarsa, ya shigar da wannan juyi cikin ainihin jikinsa, alhali Larabawa da Farisawa da masu Urdu suna jira. In haka ta faru ga Larabci, mai ajami sai ya yi haƙuri.

Wani kuskuren kuma na tunani ne. Sau da yawa mai gini yakan rubuta ɗan jerin harsunan da ke farawa daga dama, Larabci, Ibrananci, Farisanci, Urdu, duk wanda ba ya ciki a ba shi hagu. Ya haɗa harshe da rubutu ke nan ya mai da su abu ɗaya. Hausa kuwa harshe ɗaya ce mai rubutu biyu, kuma tsarin alamomin ya yarda da haka, domin akwai "ha-Arab" don Hausar ajami. Ko an sami wannan, sauran zubin haruffa. Wanda ya yi karatun allo a ƙasar Hausa da ruwayar Warshu ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kuma wasulla a ajamin Hausa ba ado ba ne da za a iya bari, har da ɗigon imala. Akwatin da aka auna tsayinsa da boko yakan aske wasullan sama da na ƙasa. An sami ci gaba na gaske a nan, ya kamata a faɗa. Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka a 2016, ya kuma ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke bukata a 2020, sa'an nan ƙungiyar SIL ta fitar da zubi mai suna Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun Kano. Kayan sun iso, shafukan da za su ɗauke su ne ba mu gani ba.

Namu kason

Ba daidai ba ne a tattara laifi duka a kai wa masu fasaha. Mai ƙera sashe a Kalifoniya ko Bangalo ko Legas ba zai yi mafarkin bambancin "nemi" da "neme" ba. Abin da ya sani shi ne ya tambayi taska, taska ta ba shi amsa. Taskar CLDR kuwa a buɗe take, ana karɓar gyara daga masana harshe, kuma abin da aka shigar a ciki shi ke komawa cikin wayoyi da burauzoji na duniya. A da, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980, su ne wuraren da ake yanke yadda za a rubuta Hausa, ɗab'i ya bi. Yau wani babban kaso na wannan hukunci a cikin irin waɗannan taskoki ake yanke shi, mu kuwa muna sassanmu na jami'a muna rubuta kundaye a kan kurakuran da suka fito daga can, ba mu leƙa can ɗin ba. Ban san sashen Hausa da yawa da ke koya wa ɗalibi yadda ake fassara jimla mai rassa ba, ko yadda zai ce wa mai gini ba zan fassara guntun kalma ba sai ka nuna mini allon.

Akwai kuma tambayoyin da ba wanda zai amsa mana su. Nijeriya na rubuta "'ya'ya", Nijar na rubuta "ƴaƴa", kuma matasan Nijeriya da dama yanzu sun koma ga ƴ don kawai sun same ta a allon wayarsu, ta kuma fi alhamza zama lafiya da na'ura. Tsarin alamomi na iya rarrabe "ha-NG" da "ha-NE", ƙa'idar jeri ma ta ajiye sigogin biyu a wuri ɗaya bayan y. Amma akwatin nema na yawancin shafuka bai san su ɗaya ba ne, saboda haka ɗan Maraɗi da ya nemi "ƴanci" ba zai ga abin da ɗan Katsina ya rubuta a kan "'yanci" ba, ga shi tsakaninsu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ko dai mu zauna da 'yan'uwanmu na Nijar mu tsai da siga ɗaya, ko kuwa mu rubuta wa masu gini ƙa'ida a fili cewa duk inda aka nemi ɗaya a kawo ɗayar. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ba ya bukatar kowa ya sake buga littattafan firamarensa.